Farashi Ɗaya, Riba Daban: Yadda Manyan Kantuna Ke Danne Shagunan Kayan Ƙara wa Mota Gudu a Amurka

A ɗauka Asabar ce da hantsi, a wani ƙaramin shago da ke bayan gari a jihar Ohayo ta Amurka. Saurayi ya shigo da hoton injin motarsa a waya. Tsohuwar Chevrolet ce mai injin 350, wato lita 5.7, irin wanda aka fara ƙerawa a 1967 kuma har yau masu sha'awar gudu ba su rabu da shi ba. Kafireto yake so, kuma babba, mai lamba 850, wato ma'aunin yawan iskar da ke iya bi ta cikinsa a minti ɗaya, domin abokansa sun ce masa babba ya fi ja. Mai shagon ya jawo takarda da biro. Ya ninka 350 sau 6,000, wato iyakar juyin da injin zai yi a minti ɗaya, ya raba da 3,456, lissafin ya tsaya a 607 da 'yan kai. Ya ce masa, "Yaro, injinka ko ya shaƙi iska iya cikinsa bai wuce haka ba. Ka sa masa 850 ka taka totur daga tsaye, sai ya yi kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Mai 600 ya ishe ka." Daga nan suka shiga maganar famfon mai, da tiyo, da irin fulogin da zai dace. Minti 40 suka kwashe.

Saurayin ya yi godiya, ya ɗauki hoton lambar da ke jikin kwalin, ya ce zai dawo. Ko motarsa bai tayar ba, a nan ƙofar shagon ya buɗe waya ya yi odar kafireton daga wani katafaren kanti da ke wata jiha, saboda 'yan daloli da suka ragu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan shi ne kukan da aka fi ji a bakin masu ƙananan shagunan kayan gudu a can. Amma kafin a yanke wa saurayin hukunci, ya kamata a san irin hajar da ake magana a kai. Wanda fanbel ɗinsa ya tsinke a hanya, ko a Kano yake ko a Columbus, shago mafi kusa zai nufa, kuma ba zai tsaya dogon ciniki ba, domin matsuwa ce ta kawo shi. Kayan ƙara gudu kuwa, irin su babban kafireto, salansa mai faɗin baki, turbo, fistin mai jure zafi, da na'urar sauya lissafin kwamfutar injin, kayan marmari ne. Motar lafiyarta ƙalau, mai ita ne bai ƙoshi ba. Yana iya yin wata uku yana tara kuɗi, kullum dare yana leƙa farashi. Ga shi kayan suna da lamba: kafireton kamfanin Holley mai lamba kaza a Tekzas shi ne dai Holley mai lamba kaza a Nebada, ba kamar rago ba da sai ka taɓa ka ɗaga. Duk inda mai sayen da ba ya sauri ya haɗu da hajar da ba ta bambanta, to farashi ne zai yi mulki. Kuma kasuwar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar SEMA, wadda masu wannan sana'a suka kafa a 1963, take kuma shirya babban baje koli duk shekara a Las Vegas, ta ƙiyasta cewa Amurkawa na kashe sama da dala biliyan 50 a shekara wajen ƙawata mota da ƙara mata ƙarfi.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne manyan na yau su ma daga ɗan shago suka taso. Sana'ar ta samo asali ne daga Kalifoniya, inda George Wight ya buɗe Bell Auto Parts a 1923, Alex Xydias kuma ya buɗe So-Cal Speed Shop a 1946 bayan ya dawo daga aikin soja. Bill Smith ya kafa Speedway Motors a garin Lincoln na jihar Nebraska a 1952 da rancen dala 300. Jeg Coughlin ya buɗe JEGS a Columbus a 1960, Summit Racing kuma ta fara a 1968 a yankin Akron, duk a Ohayo. Abin da ya raba su da sauran shi ne sun gane da wuri cewa ba dole sai mai saye ya tako da ƙafarsa ba. Kundin kaya mai hotuna da ake aikawa ta gidan waya, da layin tarho na kyauta, da katin banki, da motocin kai saƙo, su ne suka mayar da ƙasar baki ɗaya unguwarsu, tun kafin a san intanet. Yau Summit na da manyan sito huɗu, a Tallmadge ta Ohayo, da Sparks ta Nebada, da McDonough ta Jojiya, da Arlington ta Tekzas. Duk wanda ya duba taswira zai ga ba da ka aka zaɓi wuraren ba, an yi ne don kaya su isa mafi yawan gidajen ƙasar cikin kwana ɗaya ko biyu.

To a ina ainihin bambancin yake? A wurin sari yake, ba a kan kanta ba. Tsohon tsarin kasuwar tsani ne mai hawa uku: masana'anta ta sayar wa babban dila, dila ya sayar wa shago, shago ya sayar wa mai mota, kowa ya lashi nasa. Dilolin nan suna nan har yau, irin su Keystone Automotive Operations, wadda kamfanin LKQ ya saye a 2014, da Turn 14, da Meyer. Babban kanti kuwa ya tsallake hawa guda. Kai-tsaye yake sara daga masana'anta, tirela-tirela, a farashin dila ko ma ƙasa da haka, sannan ya juyo ya sayar ɗai-ɗai. Shi ne dila, shi ne ɗan kiri. 'Yan Kantin Kwari sun san irin wannan ciwon, domin kukan da suka daɗe suna yi kan 'yan Sin masu kawo yadi kuma su zauna su sayar da kansu ke nan.

Bari mu yi lissafi na misali, alƙaluman nawa ne don a ga yadda abin ke tafiya. A ce kafireton nan dala 500 ake sayar da shi ko'ina. Ƙaramin shago ya saro shi a wurin dila kan 425. Kuɗin cirar kati ya ci kusan 15, kuɗin kawowa daga sito ya ci 20. Saura 40. A cikin wannan 40 ɗin za a fitar da haya, da wuta, da inshora, da albashin yaron shago, da ladan minti 40 ɗin da aka yi ana bayani. Babban kanti kuma a ce ya saro shi kan 350. Bayan haka yana da ragin ƙarshen shekara idan ya kai wani adadi, da tallafin talla da masana'anta ke bayarwa, da farashin aike na musamman da ya daidaita da kamfanonin kai saƙo saboda yawan kwalayen da yake fitarwa kullum. Shi ya sa yake iya cewa duk odar da ta haura dala ɗari da 'yan kai za a kawo ta kyauta, har ya yi alkawarin karya duk farashin da aka nuna masa a wani wuri. Sannan ga juyin jari. Kafireton da zai yi wata takwas yana shan ƙura a kan kantar ƙaramin shago, a babban sito mako guda ya isa ya fita a kawo wani. Dala ɗaya da ta juya sau da yawa a shekara da 'yar ƙaramar riba ta fi dala ɗaya da ta kwanta tana jiran riba mai tsoka. Akan kai ma inda farashin da babban kanti ke sayar wa jama'a ya yi kusa da wanda mai shago ke sarowa, kuma babu abin da ke ƙona musu rai kamar wannan.

Mai karatu zai ce, ba doka ne? Akwai, kuma tsohuwa ce. A 1936 majalisar Amurka ta yi dokar Robinson-Patman, a lokacin da jerin kantunan A&P ke haɗiye ƙananan masu kayan masarufi. Dokar ta hana masana'anta sayar da kaya iri ɗaya ga 'yan kasuwa masu gogayya da juna a farashi daban idan hakan zai cutar da gasa. Sai dai ta bar ƙofa: idan ragin ya biyo bayan sauƙin ɗawainiya na gaske ne, babu laifi. Kuma gaskiya loda tirela guda zuwa sito guda ya fi arha a kan aika kwalaye ɗai-ɗai zuwa shaguna 300. Ban da haka, gwamnati ta yi shekara da shekaru ba ta waiwayi dokar ba. Sai a Disamban 2024 hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayya, FTC, ta shigar da ƙara a ƙarƙashinta kan wani babban dilan barasa, karo na farko cikin fiye da shekara 20. Mai shagon da ke da ma'aikata uku ba shi da kuɗin lauyan da zai yi irin wannan shari'a, kuma wanda zai kai ƙara shi ne mai ba shi kaya.

Garkuwar da masu shaguna suka fi dogara da ita ba daga gwamnati ta fito ba, daga masana'antun ta fito. Suna kiranta MAP, wato mafi ƙarancin farashin da aka yarda a tallata kaya da shi. Masana'anta takan ce: kafireton nan kada wanda ya rubuta ƙasa da dala 500 a shafinsa ko a kundinsa, wanda ya karya kuma za a daina ba shi kaya. Tarihin wannan a kotu dogo ne. A 1911 Kotun Ƙoli ta ce yarjejeniyar ƙayyade farashin kiri haramun ce kai-tsaye. A 1919, a shari'ar Colgate, ta ce amma kamfani na da 'yancin sanar da farashinsa shi kaɗai ya kuma ƙi hulɗa da wanda ya saɓa. A 2007 kuma, a shari'ar Leegin, wadda ta taso daga rigima kan jakunkuna da bel na fata a wani shago a Tekzas, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu suka soke hukuncin 1911, suka ce a riƙa duba kowace yarjejeniya bisa irin tasirinta. Ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce daidai abin da ya faru a shagonmu na Ohayo: idan wani ya yi wahalar bayani wani kuma ya kwashe cinikin, wata rana za a rasa mai yin bayanin, kuma masana'anta ce za ta kwana a ciki, don mutane za su riƙa sayen kayan da bai dace da motarsu ba suna zagin kamfanin. Wasu jihohin ba su bi ba. Maryland ta yi doka a 2009 ta maido da haramcin, shi ya sa yawancin kamfanoni suke taka-tsantsan su tsaya kan farashin talla kawai.

A nan ne nake ganin ana yawan yaudarar kai. MAP ta daidaita lambar da ido ke gani, ba ta taɓa farashin sari ba. Idan kowa ya rubuta 500, wanda ya saro a 350 da wanda ya saro a 425 ba su zama ɗaya ba. Hasali ma an tabbatar wa babban ribarsa ne, an hana shi ƙona ta a yaƙin karya farashi, sai ya juya ta zuwa wani fagen: aike kyauta, katin kyauta na sayayya ta gaba, karɓar kayan da aka maido ba tare da gardama ba, ma'aikatan da ke amsa waya suna ba da shawara, da ɗaukar nauyin tseren motoci har filin tseren Norwalk a Ohayo ya koma ɗauke da sunan Summit. Ga kuma 'yan dabaru: "sa a kwando ka ga farashi", ko "kira mu", ko lambar rangwame da ake turowa ta imel. A ƙarshen Nuwamba, lokacin babbar garaɓasar shekara, masana'antun da kansu sukan sassauta ƙa'idar na 'yan kwanaki, kuma mai sito cike da kaya shi ke cin moriyar wannan.

Duk da haka, a yi wa manyan adalci. Ba su ne suka fi karya MAP ba, domin idon kowa na kansu. Masu karyawa galibi ƙanana ne fiye da ƙaramin shagon: mutum ɗaya da kwamfuta a ɗakinsa, ba haya, ba kanta, ba ko kwali ɗaya a ajiye. Ya buɗe asusu da dila, ya jera dubban kayayyaki a eBay ko Amazon, idan an yi oda dila ya aika da sunansa, shi kuma ya tsira da dala goma. An rufe shi yau, gobe ya dawo da wani suna. Mai shago na tsakiya, gaba kura baya sayaki. Kuma kada a manta da wanda ke biyan kuɗin wannan garkuwa: mai mota ne, musamman wanda ya san abin da yake so, ba ya buƙatar bayanin kowa, amma dole ya biya farashin da aka gina don ciyar da mai bayani.

Akwai wani gibi da aka toshe, na haraji. Shekaru da dama kantin da ba shi da gini a wata jiha ba a tilasta masa karɓar harajin sayayya daga mutanen jihar, bisa hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Quill a 1992. A Kalifoniya, inda harajin ya fara daga kashi 7.25 cikin ɗari, wannan kaɗai ya kai dala 36 a kan kafireton 500, kusan duk ribar mai shago a lissafinmu. A Yunin 2018 hukuncin Wayfair ya kawo ƙarshen wannan. Masu shaguna sun yi murna, sai dai ruwan ya zo bayan shuka ta bushe, mutane sun riga sun saba da saye ta waya.

Makamin da ya fi kowane kaifi a hannun manyan shi ne kayan da ke ɗauke da sunansu. Summit da JEGS duk suna sayar da salansa, da famfon mai, da lagireto, da ma kafireto masu tambarinsu, a jere da na sanannun kamfanoni amma a farashi mai sauƙi. A kan waɗannan babu MAP ɗin kowa, babu kuma inda za ka kwatanta farashi, tunda su kaɗai ke da su. Sun kuma san abin da za su sa a ƙera, domin rasitin miliyoyin oda na hannunsu. Kamfanin da ya mallaki Summit shi ne ma mai Trick Flow, masu ƙera kan injin. Masana'antar da ke son ta tsawata wa irin wannan kwastoma sai ta yi tunani biyu: shi ne babban mai sayen kayanta, shi ne kuma kishiyarta.

Masana'antun ma ba su zauna ba. Holley ta bi ta saye sunaye da yawa da a da suke cin gashin kansu, irin su MSD, Flowmaster, Hooker da NOS, ta shiga kasuwar hannayen jari ta New York a 2021, tana kuma sayar wa jama'a kai-tsaye ta shafinta. Edelbrock da COMP Cams sun koma ƙarƙashin mai gida ɗaya a 2020. A 2022 iyalan Coughlin suka sayar da mafi yawan JEGS ga kamfanin zuba jari na Greenbriar. Wato kashin dankalin yana da hawa-hawa, wanda ya danne wani shi ma akwai mai danne shi. Girma kuma bai taɓa zama laya ba. Super Shops, wadda ta taso daga San Bernardino ta kai shaguna fiye da 150 a faɗin ƙasar, ita ce dodon ƙananan shaguna a shekarun 1980, amma a 1997 ta durƙushe da bashi. Tana da ɗawainiyar shago, wato haya da ma'aikata da kaya a kowane reshe, tana kuma sayarwa a farashin masu kundi. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Shagunan da suka rayu, mafi yawansu sun daina ɗaukar kansu masu sayar da kwali. Sun girka injin ɗaga mota, da na'urar gwajin ƙarfin injin da ake kira dyno, sun koma sayar da hannu da sani. Babu sito, komai girmansa, da zai iya ɗaura turbo ta waya ko ya saurari ƙarar injin ya ce maka man ya yi ƙaranci a juyi 5,000. Motocin zamani sun ƙara wa wannan daraja, don yanzu rabin aikin a cikin kwamfutar motar yake. Da yawa sun zaɓi gida ɗaya sun ƙware a kai, wannan Subaru kaɗai, wancan Mustang, wancan manyan motocin dizal. Wasu ba sa taɓa kayan da kwastoma ya zo da su, wasu kuma sukan ɗaura amma su ƙara kuɗin aiki su cire garanti, kamar dai telan da ke bambanta kuɗin ɗinki tsakanin yadin shagonsa da wanda aka kawo. Ni ina ganin wannan ya fi gaskiya a kan tsohon tsarin da ake ɓoye ladan bayani a cikin farashin kaya. Sai dai fagen yana da ƙaya. Daga 2020 zuwa 2023 hukumar kare muhalli ta EPA ta sa farautar masu cire na'urorin tace hayaƙi cikin manyan ayyukanta, kuma tarar da babban kamfani zai biya ya wuce, tana iya rufe gareji mai mutum biyar.

Harajin shigo da kaya shi ma bai faɗa wa kowa daidai ba. Da aka sa kashi 25 a kan ƙarfe da kashi 10 a kan alminiyam a 2018, aka bi da wasu a kan kayan Sin, aka kuma ƙara da na kayan mota a 2025, mai sito huɗu yana da tsohon kaya a tsohon farashi da zai ci gaba da sayarwa. Mai shago kuwa sabon farashi yake tararwa tun a odarsa ta farko.

Sai abin da masu shagunan ba su cika son faɗa da ƙarfi ba. Idan ranar Laraba ta yi, ga motar kwastoma a sama a kan injin ɗagawa, tsere kuma ranar Asabar, dila ya ce kayan sun ƙare sai mako mai zuwa, mai shagon yakan buɗe shafin wa? Summit ta san amsar, shi ya sa take da sashen sari na musamman, Atech Motorsports, mai sayar wa gareji da ƙananan shaguna. Kwalin zai iso ranar Alhamis, mai shagon ya ɓare tambarin aiken, ya ɗaura kayan, ya rubuta kuɗin aikinsa na awa uku.